Wayar Sifikar Baranda

Ana kiran sallar la'asar wani mutum ya shigo ofishin 'yan sanda, ba hula a kansa, rigarsa ta jiƙe da gumi. A bayansa samari biyu ne riƙe da wani siririn mutum wanda leɓensa ya fashe.

"Ga wanda ya kashe ƙanena," in ji mai shigowar. "Ku rufe shi kafin 'yan unguwa su ƙarasa shi."

Sufeto Dzarma ya ajiye ledar ruwan da yake sha. Mutum ne mai furfura a gefen kai, ba ya gaggawar magana.

"Sunanka?"

"Adam. Ƙanena Uwais ne, a Old Maiduguri. Wannan shi ne Mahfuz, mai haɗa sifika. Ya haɗa masa kayan sauti a gida, yau wuta ta ja shi, ya mutu a falonsa."

"Wallahi Yallaɓai, ban..." Mahfuz ya fara.

"Rufe mana baki!"

"A nan ni ke cewa a rufe baki," in ji Dzarma. Ya sa aka kai Mahfuz bayan kanta, ya kira Kofur Pindar, mace ɗaya tilo a sashensu, suka bi Adam.

Gidan na ƙarshen wani lungu ne, ƙarƙashin bishiyar maina. Falon ƙarami ne, amma manyan sifiku biyu baƙaƙe sun cinye rabinsa, irin waɗanda ake haya a kai wajen biki. A tsakaninsu, kan teburin talabijin, akwai 'yar amfilifaya irin ta gida, akwatin da ke ƙara wa sifika sauti, an juyo da bayanta waje.

Gawar na kan tayil, an lulluɓe ta da zane. Dzarma ya durƙusa ya ɗaga. Uwais bai kai arba'in ba. Ba takalmi a ƙafarsa, hannun rigarsa a naɗe kamar wanda ya gama alwala. A gefen leɓensa akwai ƙuna baƙa ƙirin, a tsakanin haƙoransa kuma ɗan guntun roba ja.

"Da haƙori yake fere waya," Pindar ta faɗa a hankali.

Wayar na nan kusa da hannunsa, ja da baƙa, bakinta tsirara, tagullar ta narke ta manne. Dzarma ya duba amfilifayar. A kashe take. Igiyar wutarta ma an zare ta daga bango, tana yashe a ƙasa.

Ya bi wayar da ido. Ta haura taga ta fita baranda, inda wasu sifiku biyu ke tsaye suna kallon tsakar gida. A can wayar ta ƙare da fulogi mai ƙafa uku, irin na dutsen guga, a soke cikin wani soket da aka ɗaure a bayan sifikar.

"Ofisa, ga makara ta iso," in ji Adam daga ƙofa. "Likita ya gani, ya rubuta. Wuta ce. Ba za mu kwana da gawa ba."

Dzarma ya sa Pindar ta ɗauki hotuna, ya ce kada kowa ya taɓa kayan, ya ba su hanya.

Da safe DPO ya kira shi.

"Dangin mamacin sun zo mini tun da sassafe. Mai haɗawa ya haɗa ba daidai ba, mutum ya mutu. Me ya rage? Ka shirya fayil, a kai shi kotu."

"Yallaɓai, akwatin a kashe yake, ba ya ma jone da wuta."

"To iska ce ta kashe shi?"

"Shi nake son sani."

"Ka sani da wuri. Ba na son taron jama'a a ƙofar ofishina."

Aka fito da Mahfuz. Bai yi barci ba, leɓensa ya ƙara kumbura. Shagonsa na wajen Kasuwar Kwastam, in ji shi, matarsa na da tsohon ciki, kuma tun ranar da ya haɗa kayan bai sake jin ɗuriyar Uwais ba.

Dzarma ya turo wa Mahfuz wayarsa ta hannu da aka karɓe jiya, a kan tebur.

"Wannan lambar da ta kira ka jiya da azahar fa?"

Mahfuz ya sunkuyar da kai.

"Ina jinka."

"Shi ne, Yallaɓai. Tsoro na ji."

"Me ya ce?"

"Ya ce rugugin sautin ya ragu, akwatin kuma yana zafi yana ɗaukewa. Na ce masa dama na faɗa maka, Alhaji. Sifikar biki huɗu a kan amfilifayar ɗaki, kamar ka ɗora wa jaki kayan tirela ne. Na ce ko ka cire biyun baranda, ko ka sayi babbar amfilifaya. Ya ce shi dai rugugi yake so. Sai na ce to ya duba bayan akwatin, wataƙila an juya ja da baƙa a ɗaya, domin idan aka juya, sifika ɗaya na turawa ɗaya na ja, sautin sai ya zama fanko. Na ce ya kashe, ya zare daga bango kafin ya taɓa."

"Ya zare."

"To wallahi babu abin da zai kashe mutum a wayar nan. Ko a baki ka sa ta."

"A baki ya sa ta."

Idon Mahfuz ya kawo ruwa.

"Wane irin fulogi ka sa a bayan sifikun?"

"Na asali, irin na sifika."

Dzarma ya nuna masa hoton da Pindar ta ɗauka.

"Wannan ne na asalin? Da irinsa matata ke jona dutsen guga."

"Na asalin ba a samunsa ko yaushe, Yallaɓai. Wannan yana riƙewa da kyau, ba ya zamewa. Ba ni kaɗai nake yi ba."

"Idan wani ya zare shi daga sifika ya soka a bango?"

Mahfuz ya ɗago kai a hankali. Ya sake duba hoton.

"Amsa nake jira."

"Wutar gida gaba ɗaya za ta bi wayar ta koma ciki. Ta fito a ɗaya bakin."

"Ka gaya musu haka?"

"Na gaya musu. Ranar da na haɗa, na ɗaga fulogin sama na ce kowa ya gani, kada a kuskura a sa wannan a bango, kayan duka za su ƙone."

"Kayan za su ƙone. Ka ce zai kashe mutum?"

"Ban ce ba. Ban kawo a raina ba."

"Wa ke wurin?"

"Shi, da matarsa. Da tsohuwarsa a kan tabarma, a barandar. Ta tambayi abin da na ce, matar ta faɗa mata da Kanuri."

Da hantsi suka koma gidan. An kafa rumfa a ƙofar, maza na zaune a kan tabarmi, ana ta shigowa ana fatiha. Adam ya taso da sauri.

"Ofisa, an kai shi kotun?"

"Tukuna. Zan sake duba baranda."

Barandar ba kowa. Dzarma ya zare fulogin daga bayan sifikar ya ɗaga shi wajen haske. Ƙafafunsa biyu sun yi baƙi, robar gefensu ta narke. Ya leƙa soket ɗin da ke jikin sifikar. Fari tas, ko ɗigon hayaƙi babu.

"Ba a nan ya ƙone ba," ya ce wa Pindar.

Ya duba bangon. Wata babbar randa na jingine da shi, a wurin da rana ke dukanta. A ƙasa akwai zoben danshi, can nesa kaɗan a inuwa, inda randar ta saba zama. Suka kama ta su biyu suka matsar.

A bayanta akwai soket na bango. Hayaƙi ya yi masa baƙin harshe har sama. An goge da tsumma, amma bai fita ba.

"Kira mini matar," in ji Dzarma. "Ke kuma ki shiga wajen mata ki yi gaisuwa. Ki zauna, kada ki yi sauri."

Mu'mina, matar Uwais, ta fito cikin dogon hijabi, ta tsaya daga bakin ƙofa, idonta a ƙasa. Yarinya ce ƙarama a kan mijinta. Dzarma ya yi mata ta'aziyya, ta amsa da muryar da ta dishe.

"Jiya da azahar kina ina?"

"Ina kicin."

"Akwai wuta?"

"An kawo."

"Wa da wa ke gidan?"

"Ni da shi."

"Mahaifiyarsa fa?"

"Ya Falmata ta tafi barka, gidan 'yar ƙanwarta. Sai da abin ya faru aka kira ta."

"Wa ya matsar da randar nan?"

Ta kalli randar, ta kalli soket ɗin, ta sake mayar da idonta ƙasa.

"Shara na yi."

"A ranar da mijinki ya rasu."

Ta ja hijabinta ta gyara.

"Kayan nan suna damun mutanen gida?"

Ta kalli sifikun.

"Shi ba ya iya zama shiru, Yallaɓai. Tun shekarun nan da aka yi na tashin hankali. Ya ce idan gari ya yi tsit, jira yake wani abu ya fashe. Rediyo ya fara sawa, sai ya koma wannan. Ya ce yanzu an samu lafiya, a bar shi ya ji daɗin gidansa."

"Ita kuma tsohuwar?"

"Ba ta ce komai ba."

Pindar ta fito, ta ja shi gefe kusa da ƙofar kicin.

"Oga, tsohuwar ta sa lalle."

"Mata na sa lalle."

"Ba a gidan makoki ba, kuma ba uwar mamaci ba. Ɗanye ne, na jiya ko na yau. Kuma yatsu biyu kawai, babba da manuni, hannun dama. A garinmu idan mutum ya ƙone, shi ake kwaɓawa a shafa. Tana ɓoye hannun cikin lafaya. Sannan 'yar ƙanwar da ake cewa ta haihu tana nan cikin gidan, da cikinta har yanzu."

Dzarma ya tsaya yana kallon sifikun. Sun fi tsohuwa tsawo idan tana zaune. Ƙofar da ke daf da su, mai labulen atamfa, ita ce ta ɗakinta.

"A ce mata ina neman izini. A ɗakinta, ba a gaban mutane ba. A kira Adam."

Ɗakin ba komai sai katifa, da buta, da akwatin ƙarfe. Ya Falmata ta shigo tana dafa bango, ta zauna a bakin katifar. Ƙaramar mace ce, da zanen Kanuri a kumatunta. Mu'mina ta tsuguna kusa da ita. Adam ya tsaya a ƙofa, ransa a ɓace.

"Wushe, Ya," in ji Dzarma, yadda ake gaida uwa da Kanuri, ya durƙusa. "Ya haƙuri?"

"Da godiya, ɗana."

"Ofisa, mece ce wannan?" in ji Adam. "Tsohuwa ta binne ɗanta jiya, ka zo kana tsare ta da tambaya? Ga mai laifi can a hannunku."

Dzarma ya ajiye fulogin a kan tabarma.

"Wani ya zare wannan daga sifika, ya soka a bango, lokacin da Uwais ke riƙe da ɗaya bakin. Mahfuz na shagonsa a lokacin. Wanda ya yi, a cikin gidan nan yake."

"Ni ce," in ji Mu'mina da sauri. "Ni na yi. Na ɗauka na caja ne."

"Mu ga hannunki."

Ta miƙa. Tafukanta lafiya lau.

Ya Falmata ta yi mata magana da Kanuri, gajeriya, a tausashe. Mu'mina ta rufe fuska da hijabi. Sannan tsohuwar ta zaro hannunta na dama daga cikin lafaya ta ɗora a kan gwiwa. Ƙarƙashin lallen, fatar ta tashi ta yi ruwa.

"Ka bar yarinyar nan," ta ce. Hausarta a hankali take fita, da nauyin harshen Kanuri. "Randa kawai ta matsar."

"Ya!" in ji Adam.

"Yi shiru, Adam. Na gaji."

Ba ta kalli kowa ba. Bango take kallo.

"A Konduga muke. Babansu ya fita da safe, na ji ƙara, ƙasa ta motsa, kwanuka suka zubo. Ban sake ganinsa ba. Uwais ya ɗauko ni ya kawo ni nan, ya ba ni ɗaki, bai rage ni da komai ba. Sai ya kawo waɗannan. Ba waƙar ce ke damuna ba, ɗana, kunnena ma ba ya ji sosai. Abin nan ne da ke bugawa a ƙasa. Yana shigowa ta katifa, ya hau ƙirji. Irinsa ne. Irinsa ne sak. Sai in ga ni a ƙarƙashin gado, da girmana."

"Kin gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya yi dariya, ya riƙe hannuna ya ce, Ya, an gama wannan, yanzu kiɗa ne. Ya rage kwana biyu, ya sake ƙarawa. Shi ma ba lafiya gare shi ba, na sani. Ni na haife shi."

"Jiya fa?"

"Jiya sai abin ya yi shiru. Na ce ya tafi masallaci. Na ga fitilar baranda a kunne, na san akwai wuta. Na tuna yaron nan ya ce idan aka sa a bango, kayan za su ƙone. Na ce to su ƙone. Zai yi fushi, zai ce NEPA ce, ya huce."

Ta juya hannun a kan gwiwarta.

"Na zare, na soka, na danna. Na ji wani abu ya faɗi a falo. Sai wuta ta yi tartsatsi ta kama mini yatsa. Na ce alhamdu lillahi, akwatin ne ya mutu. Na mayar da abin inda yake, na shigo nan na kwanta."

Muryarta ba ta canza ba.

"Na yi barci, ɗana. Rabon da in yi barci irin wannan tun muna gida. Ihun Mu'mina ne ya tashe ni."

Ba wanda ya yi motsi. Daga waje ana jin wani malami na jan addu'a, maza na amsawa.

Adam ya zame ya zauna a bakin ƙofa. Da ya yi magana, muryarsa ta zama ta wani mutum daban.

"Ofisa. Ƙaddara ce. Mu ne masu jini, mun yafe. A bar maganar a ɗakin nan."

"Jiya ba ka ce ƙaddara ba."

"Jiya ban sani ba."

"Ita ta sani." Dzarma ya juya ga tsohuwar. "Ya, kin ga lokacin da aka kama Mahfuz?"

"Da suka jawo shi nan, na ji ana dukansa a ƙofar gida."

"Ba ki fito ba."

"Ban fito ba. Na ce idan na faɗa, to ya tabbata ni na yi. Na ce bari gari ya waye tukuna." Ta kalli yatsunta. "Ya waye, ban faɗa ba."

"Idan na bar maganar a nan, shi za a kai kotu. Fayil ɗin ba zai tafi ba suna."

"Ka rubuta hatsari ne!" in ji Adam.

"Alƙali ne zai ce hatsari ne, ba ni ba. Zan rubuta abin da ta faɗa, kamar yadda ta faɗa. Ba ta yi nufin kisa ba, wannan ma zan rubuta."

Ya Falmata ta miƙa wa Mu'mina hannu.

"Ɗauko mini takalmina."

Ba a sa mata ankwa ba. Pindar ta riƙe ta a kafaɗa suka fita ta ƙofar baya, ta wajen kwata, don kada su ratsa rumfar makoki. Duk da haka wasu yara sun gani, kafin motar ta fita lungun mata sun fara leƙowa ta kan katanga.

A ofis, Dzarma ya shiga wajen DPO, ya daɗe, ya fito. Ya sa aka buɗe wa Mahfuz.

"Za ka tafi gida. Amma ba ka wanku ba. Duk gidan da ka sa irin fulogin nan, ka koma ka cire, ka kawo mini su a leda. Za a kira ka shaida."

"To, Yallaɓai. Wa ya yi?"

Bai buƙaci amsa ba. Ya Falmata na zaune a kan benci kusa da kanta, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, Pindar na gefenta da takarda. Mahfuz ya tsaya da bel ɗinsa a hannu.

Tsohuwar ta ɗago kai ta gane shi. Ta kalli leɓensa.

"Kai ne yaron sifika."

"Ni ne, Ya."

"Ka yafe mini dukan."

Ya gyaɗa kai.

"Zo. Kai ka san wuta." Ta jira har ya matso ya durƙusa. "Ya ji zafi?"

Mahfuz ya kalli Dzarma. Dzarma ya kau da kai ya kalli taga.

"A'a, Ya," in ji Mahfuz. "Nan take ne. Bai ma sani ba."

Ta daɗe tana kallon fuskarsa.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Ba ka iya ƙarya ba."

Pindar ta taimaka mata ta miƙe, suka bi dogon lungun da ke kaiwa sashen mata.